Ajidan Abdulmumini Dikko, Sojan da Ciwo Ya Raba da Takalmin Soja

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi Abdulmumini a daminar shekarar 1963 a garin Sae Sabuwa, cikin yankin Gidan Rumji na jihar Maradi. Mahaifinsa, Malam Dikko, jikan makiyaya ne da suka gangaro daga arewa, suka ajiye sanda suka rungumi noma; mahaifiyarsa kuwa, Malama Salima, ƴar wani tsohon gida ce na manoma a Tibiri. Shi ne na huɗu cikin ƴaƴa bakwai, kuma tun yana ƙarami aka san shi da ƙarfin tafiyar ƙasa, har danginsa kan ce ƙafar kakanninsa ya gada.

Karatunsa

Ya fara karatun Alƙur'ani a zauren mahaifinsa, sa'an nan a shekarar 1970 aka sa shi lakol, wato makarantar boko, a Cadakori, inda yake zuwa da dawowa a ƙasa har tsawon shekara shida. Ya zarce sakandare a Maradi, amma rasuwar mahaifinsa a 1979 ta tilasta masa komawa gona kafin ya kammala.

Shigarsa Aikin Soja

A shekarar 1982 aka ɗauke shi soja. Bayan horo ya yi aiki a Agadas da Tawa da Damagaram, ya samu gala, wato muƙamin sarjan, a 1989. Abin da ya fi shahara da shi a wannan zamani shi ne maci: saboda tsayinsa da daidaiton takunsa, shekara shida a jere shi ake ɗora wa tutar rundunarsu a bukukuwan ƙasa, kuma shi ake tsayarwa a gaban sababbin shiga domin su ga yadda ake ɗaure takalmi, da yadda ake dira dunduniya.

Aurensa

A watan Maris na 1987 ya auri Habsatu, ɗiyar Alhaji Mahamane mai sayar da hatsi a Gidan Rumji. Ta bi shi bariki bariki, kuma ita kaɗai ya zauna da ita har ƙarshen rayuwarsa.

Jarrabawar Ƙafa

A bazarar 1991, yayin wani aikin rakiya da ya ɗauke su kwanaki a daji, ruwansu ya ƙare, suka sha na tabki. Bayan shekara guda kurkunu ya fito masa a idon sawun hagu, ana sauran wata biyu bikin da zai riƙe tuta. Domin gudun kada a cire sunansa, sai ya ɓoye lamarin ga shugabanninsa, ya riƙa naɗe wurin da tsumma yana tura ƙafar cikin takalmi, yana fita atisaye kullum. Habsatu, wadda take cire masa takalmin da ƙyar kowace la'asar, ta sha ce masa, "Sarjan, don Allah ka je a duba ka, tutar nan ba za ta gudu ba." Amsarsa ɗaya ce: a bari biki ya wuce.

Bikin bai same shi a tsaye ba. Tsutsar ta tsinke a ciki, ƙafar ta kumbura ta yi ruwa, aka kwantar da shi wata uku a asibitin soja. Allah ya sa ba a yanke ta ba, sai dai gaɓar ta sage, kumburin kuma bai sake sacewa gaba ɗaya ba.

A watan Fabrairu na 1993 likitan bariki ya rubuta masa takardar izinin sanya takalmi buɗaɗɗe tare da kaki, wadda ake sabuntawa duk wata shida. Bisa ƙa'idar barikinsu, mai irin wannan takarda ba ya shiga sahun maci, ba ya gadin babbar ƙofa, ba ya tsayawa tarbar manyan baƙi. Aka maido shi Maradi, aka damƙa masa mangazar tufafi, wato ɗakin da ake ajiye kaki da hula da takalma.

Shekarunsa a Mangaza

Shekara goma sha tara ya yi yana raba wa wasu abin da shi aka ɗauke masa. Ya kai ga in ya dubi ƙafar sabon soja sau ɗaya, ya san lambar da za ta yi masa daidai. Tagar mangazar tana fuskantar filin atisaye, kuma abokan aikinsa sun shaida cewa da zarar an buga ganga yakan bar abin da yake yi, ya tsaya a ƙame a jikin tagar, yatsunsa suna bin kiɗan a kan katako har a sallami sahu.

Bai yanke ƙauna da wuri ba. A shekarar 1998 ya je Tibiri wurin wani baduku, Hambali, ya ɗinka masa takalmi baƙi mai kama da na soja, na hagun ya fi faɗi, an sassauta masa wuya. Ya yi wata guda yana gwada taku da shi a bayan gida, sa'an nan ya sa shi ranar duba kaya. Kumandan na lokacin ya daɗe yana duban ƙafafunsa, ya ce, "Ɗinki ya yi kyau, Dikko, amma ba namu ba ne. In na bar ka, gobe kowa ya zo da nasa." Abdulmumini ya sara masa, ya koma mangaza, kuma ba a ji ya sake tayar da maganar ba.

Daga nan ya mayar da himmarsa ga masu irin larurarsa. Akwai sojojin da reza ke fito musu da ƙuraje a haɓa har su yi ruwa, da waɗanda zufar hula ke tayar musu da ƙaiƙayi a ka, da masu ciwon ido da ke buƙatar baƙin tabarau. Da yawansu kan ɓoye saboda kunya, ko tsoron a ce ragwaye ne. Shi yakan gane su a wurin karɓar kaya. Wani kofur mai suna Lurwanu, wanda daga baya ya zama hafsa, ya ba da labarin cewa Abdulmumini ya ga jini a wuyan rigarsa, ya rufe ƙofa, ya zare ƙafarsa ta hagu ya ɗora a kan benci, ya ce, "Dubi nan da kyau, ƙanena. Wata biyu na ƙi zuwa wurin likita. Kai gemu kawai za a ce ka bari." Da kansa ya raka shi aka rubuta masa izinin rage gemu da almakashi, fuskarsa ta warke, ya koma sahu. Abdulmumini ya samu galar ajidan, muƙamin da ke gaba da sarjan, a 2004.

Bayan Ajiye Aiki

A ƙarshen 2012 ya cika shekara talatin a bakin aiki, ya sauka, ya zauna a Gidan Rumji yana noman gero da wake, yana kuma taimaka wa tsofaffin sojoji da zawarawansu wajen rubuta takardu. A wani bikin ƙasa na 2016, hukumar gari ta nemi tsofaffin sojoji su wuce a jere a gaban jama'a, kowa da tufafin da ya samu. Ya so ya ƙi, Habsatu ta matsa masa, ya shiga sahun ƙarshe da takalminsa buɗaɗɗe, yana jan ƙafa, mutane suna tafi. Da ya dawo gida ta tarbe shi da murna tana cewa yau dai buri ya cika. Ya zauna, ya ce, "Na yi tafiya dai, Habsatu. Maci kuwa ya wuce ni."

Rasuwarsa

Ya rasu da hantsin ranar Talata a cikin watan Nuwamba na 2023, a gidansa, bayan jinyar hawan jini ta mako biyu, yana da shekara sittin. Aka kai shi Sae Sabuwa bisa wasiyyarsa, aka yi masa sutura bayan azahar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Mota biyu ta sojoji ta zo daga Maradi ƙarƙashin Lurwanu, kuma da liman ya gyara sahu, dukansu suka kwance takalmansu suka ajiye gefe, suka tsaya bisa rairayi suka sallace shi.

Ya bar matarsa Habsatu da ƴaƴa biyar: Abdulƙadir, manomi a Sae Sabuwa, Farida, malamar lakol a Gazawa, Hashimu, direba, Nusaiba, mai aure a Cadakori, sai autarsu Rahina, wadda take aikin jinya a wani asibitin soja, wadda kuma saƙon rasuwar bai iske ta ba sai bayan an rufe shi. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.