Batiri Takwas na Magagi

Batiri takwas gare shi, Magagi mai shela, kuma na san su ɗaya bayan ɗaya, domin da batirin motata yake tashe su in sun mutu. Shida koraye ne, biyu fatarsu ta sale har ya naɗe su da robar tsohuwar tayar keke. Irin waɗanda ake sake cikawa ne, masu nauyi a hannu, masu gyaran rediyo na ce musu nikad. Su ke cikin lasifikar hannu da yake zagaya kasuwar Filinge da ita, lasifikar kuwa ita ke ciyar da shi da matarsa Muna.

Ni hatsi da wake nake kaiwa kasuwa-kasuwa, Damana, Tabla, wani lokaci har Abala. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa.

Tun zamanin soja ya samu lasifikar, shekarar babban fari, lokacin da aka nemi mai murya ya riƙa faɗa wa unguwanni ranar rabon tsaba. Shi manomi ne a lokacin, rumbunsa ya ƙare tun kafin rani ya raba, ya binne 'ya'ya biyu. Ba ya ba da wannan labari. Abin da yake ba da labarinsa shi ne Kailu, wani soja mai kula da rediyon sadarwa da ya zauna garin, wanda ya tsinto masa matattun batiri daga cikin waɗanda aka zubar, ya koya masa yadda ake tashe su. Soja suka tafi, 'yan siyasa suka zo suka yi hayar muryarsa, soja suka dawo, suka sake tafiya. Shi dai yana nan tsakanin rumfunan masu gishiri da kasuwar dabbobi.

"Ko wa ka mulki, akuya in ta ɓace sai an neme ta," in ji shi.

Tashin batiri ba shi da wuya, amma yana son zuciya. In na dawo kasuwa sai ya shigo da su ƙunshe cikin hula. Ya gwada kowane da ɗan ƙwan tocila. Wanda bai ba da haske ba ya aza shi bisa turmi a kife, ya rufe da tsohon buhu, ya jawo waya biyu daga batirin mota. Ɗaya ya danne a gindi, ɗayar ya ɗosana a kai kamar mai taɓa garwashi, ya kau da fuska. Tartsatsi ya tashi. Ya ce wasu 'yan gashi ne ke tsirowa a ciki su toshe hanya, wutar ce ke ƙone su. In batirin ya yi zafi a hannu ya bar shi ya huce, ba ya ƙarawa. Cikin sau goma da na ga ya taɓa, sau bakwai sun tashi.

Abin da ya same su a ƙarshe ba mutuwa ba ce. Duk takwas suna ba da haske, amma ba su riƙe wuta. Da can na ƙirga, cika ɗaya na ɗaukar shela arba'in. Ta koma ashirin, ta koma tara. A daidai lokacin kuma maƙogwaronsa ya fara cin amanarsa, murya ta dushe, har in ba da lasifika ba mai rumfa ta uku ba ya jin sa. Wata ranar kasuwa yana cikin shelar wani jaki, ya faɗi launinsa, bai kai ga sunan mai shi ba lasifikar ta yi shiru. Sarkin kasuwa ya kira shi gefe. Bai ci masa fuska ba, amma ya ce in haka ta sake faruwa zai ba wani shelar.

Ni nan take na kawo shawara uku: a sayi sabuwar lasifika a Yamai, a sayi batirin da ake jefarwa, ko in ɗaura masa na mota bisa amalanke. Ta farko ta fi ƙarfinsa, ta biyu za ta cinye abin da yake samu, ta uku ya ce shi ba mai tallan magani ba ne.

Ana cikin wannan sai ga Sambo, makiyayi daga wajen Tabla, karsanarsa ta ɓace, yana son a yi shela kasuwa mai zuwa. Ya tarar da Magagi ya jona batiri yana cika su, ya kuma ji ina cewa ai da safe ya cika su.

"Baba, sun sha ɗazu, kuma ka koma ba su?" in ji Sambo.

"Kullum cike nika aje su."

"To ai ka ɓata su. Saniyar da ta saba kwana bakin rijiya, ran da ka kai ta daji rabin yini ba ta yi."

Magagi ya zare wayar daga batirin. Sannan ya ce Kailu ya faɗa masa haka tun farko: a bar su su ƙare sarai kafin a cika, in ba haka ba iyakar abin da suka saba bayarwa shi za su riƙa bayarwa.

Na ce, "Ka sani, Baba, me ya hana ka?"

Muna ce ta amsa daga bakin murhu. "Tun shekarar farin nan bai bari komi ya ƙare gidanga. Randa da rabi, sai ya aike ni rijiya. Rumbu in ya ga ƙasanshi, bai kwana."

Saura kwana biyu kasuwa. Na ce a jona musu ƙwan fitila ya tsotse su. Ya ƙi, ya ce da magana suka saba aiki, da magana za su ƙare. Bayan azahar muka fita bayan gari, gonar da aka riga aka girbe, ya tsaya ƙarƙashin gawo ya kunna. Da farko bai san abin da zai faɗa ba. Can sai ya kama tsofaffin shela, daga farko: ranar rabon tsaba, ranar allurar shanu, taron ƙungiyar matasa ta Samariya. Ya shiga dabbobin da aka yi shelarsu ba a gan su ba, kowace da alamarta, jar saniya mai karyayyen ƙaho, raƙumi mai tabo a wuya. Na ƙirga goma sha ɗaya kafin muryar ta tsaya masa cak. Batiri kuwa da sauran wuta, don da safe ya cika su.

Muna ta zo da fura ta tarar da mu tsaye. Ta ajiye ƙwarya ta karɓi lasifikar, ta juya ta sama da ƙasa.

"Nan aka dannawa?"

Ta danna. "Jama'a, ana cigiyar hankalin wani tsoho. Dogo ne, baƙi, shina da hula mai warin batiri. Wanda yag gani ya maido, akwai goro."

Muryar ta tsallake gonar ta bugi tudu ta dawo. Wasu mata masu tara kara can nesa suka miƙe suna dariya. Ta ci gaba, ta yi shelar duk abin da ta ara wa maƙwabta bai dawo ba, har tsintsiya, ta yi kirarin kakanninta. Magagi na zaune yana shan fura, idonsa na kan lasifikar. Sa'ad da sautin ya fara shaƙewa na ga hannunsa ya miƙa zai kashe. Ya mayar da shi kan gwiwa. Ya bar ta ta mutu.

Muka cika su, muka sake ƙarar da su washegari, muka sake cikawa.

Ranar kasuwa batiri suka riƙe. Muryarsa ce ba ta zo ba. Ya tsaya gaban masu gishiri ya danna, iska kawai ta fito. Sambo na gefe, sarkin kasuwa na kallo daga rumfarsa. Magagi ya waiwaya wajen da Muna ke sayar da ƙuli-ƙuli, ya miƙa mata lasifikar da hannu biyu. Ta goge hannu a zane ta taso. Shi ya matsa kusa da kunnenta yana raɗa alamun karsanar, fara, kunnen hagu a tsage, ita tana ɗagawa. Ko kalma ɗaya ba ta ƙara ba.

Wani ya ce wa sarkin kasuwa mace ba ta shela. Sarkin kasuwa ya ce, "Ni cewa nay yi a ji. Kai ba ka ji ba?"

Shela ashirin da shida suka yi ranar, cika ɗaya. Kafin la'asar wani mai amalanke ya ce ya ga karsanar cikin garken wasu baƙi kusa da Damana, Sambo ya bi shi.

Haka suka ci gaba shekaru, shi ke karɓar cigiya ya riƙe alamu a ka, ita ke faɗa. Magagi ya koyi barin batiri su ƙare, ko da yake ranar da za a ƙarar da su yakan fita gidan ya zauna wajena. Randar ruwa kam har yau ba ta taɓa sauka ƙasa da rabi ba.