Ƙotar Bindigar Meshari

Yayana Rabi'u bai taɓa harba bindiga ba a rayuwarsa, amma in ya fara hirarta sai ka rantse a dajin farauta aka yanke masa cibiya. A unguwar Hindawiyya, a nan ƙasa mai tsarki, aka haife shi, ni ma haka. Fasfonmu dai na Sudan ne, ƙasar da ya taɓa gani sau ɗaya yana ɗan shekara shida. Duk abin da ya sani na bindiga daga bakin mahaifinmu ya ji, sauran kuma daga waya.

Shekara goma sha tara yana tuƙa Meshari, kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa yake zaune a ƙasar, mai gida a unguwar Abhur. Ranar Juma'a ce tasa ta hutu. Da safe yana saman bene da zarto da magagari, yana sassaƙa kujerun da ba wanda ya sa shi. Da la'asar ya hura gawayi ya yi agashe, tsiren 'yan Sudan, ya hana kowa taɓa ƙuli-ƙulin, wai mu mata hannunmu ya yi nauyi a barkono. Shekara hamsin da biyu, bai daina yi mini gardama a kan gishiri ba.

Meshari mafarauci ne na gaske, yana da lasisi. Daga Abhur zuwa ofis hirarsu ɗaya ce: wace bindiga ke dukan kafaɗa, wane katako ke jure zafin sahara. Yaya yakan dawo yana cewa "ni da Meshari" kamar tare suka yi wasan ƙasa. Nakan ce masa mai riƙe da iƙamarka, takardar izinin zamanka, ba abokinka ba ne, ya yi dariya ya ce ban san mutumin ba.

Wata rana Meshari ya nuna masa bindigar kakansa, ƙotar ta tsage. Yaya ya ce zai sassaƙa sabuwa da katakon ƙofar gidanmu, wanda ya ciro lokacin rusau kafin mu koma Aziziyya. Sai dai dole ƙarfen ya zauna a gabansa, don ƙota ba a yin ta da ka. Meshari da hannunsa ya naɗe bindigar a darduma ya sa masa a bayan mota.

Mako uku tana ƙarƙashin gadonsa. Ban yi barcin kirki ba. Kullum sai na ce ya mayar, kullum ya ce saura goge-goge. Ranar da ya gama, gaskiya aikin ya yi kyau, ni kaina sai da na shafa. Ya gasa agashe cike da kula don iyalin Meshari, ya fita bayan azahar.

A hanyar Abhur ya tarar da shingen 'yan sanda. Aka duba iƙama, lafiya lau. Aka ce ya buɗe bayan mota.

Ni aka kira in kawo fasfonsa. Na same shi a ofishin 'yan sanda a kan benci, an cire masa igiyar takalmi, yana ta ce mini kada in damu, Meshari na hanya. Ya zo kuwa, bayan awa biyu, da lasisin a hannu. Jami'in ya karanta, ya ce takarda ta mai ita ce, ba ta direba ba. Ya bayyana musu a fili: in mai lasisi ne ya ba wani makami, shi ma zai amsa tambaya. In kuwa direba ne ya ɗauka da kansa, to maganar ta direba ce, kuma baƙo ba ya zama a ƙasa da irin wannan laifi.

Sannan ya juya ga yaya. "Shi ya ba ka, ko kai ka ɗauka?"

Na dubi Meshari. Carbinsa yake ja, idonsa a ƙasa. Na ce da Hausa, "Yaya, faɗi gaskiya, don Allah."

Bai dube ni ba. Ya dubi Meshari, ya jira shi kaɗan. Da bai ji komai ba sai ya ce, "Ni na ɗauka. Na so in gyara masa ne, bai sani ba."

"Haka ne?" jami'in ya tambayi Meshari.

"Halas, shi ke nan, ya faɗa," in ji Meshari.

Daga baya yaya ya gaya mini wai dabara ya yi: in Meshari ya tsira, shi zai fito da shi, don ya san mutane. Na ji haushin yaya fiye da na Meshari, har yau kuma ina ji. Wata huɗu yana tsare, sannan aka ɗauki zanen yatsunsa aka sa shi a jirgi.

Yanzu yana Port Sudan, yana gashin nama a bakin wata kasuwa, a garin da bai san kowa ba. Duk Juma'a yana kira. Ya tambayi yara, ya tambayi ko na shafa wa zarton mai, sannan ya ce, "Zakiya, Meshari ya kira ya tambaye ni?"

Nakan ce masa e, ya kira.