Shekara Bakwai da Na Goge

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Talata ya ɗauki takardata. Na san lokacin domin agogon bangon ofishin nake kallo, don kada na kalli fuskarsa. Shi ne jami'in da ke ɗaukar malaman firamare, ni kuwa na zo neman gurbin malama a wata makaranta ta wajen ƙauyen Jajaye.

A shekarar an tura maigidana, wanda soja ne, aiki ƙasar waje, na dawo gidanmu a ƙauyenmu Turawa, kusa da Karaye, da 'ya'ya biyu. Ba na son zama hannu rabbana. Mako biyu na yi ina tsara takardar tarihin karatuna da aikina. Sau huɗu ina sake ta, da rula nake ja wa kowane layi, kafin na kai wa mai tafireta a Karaye. Ban bar komai ba. Shekara bakwai, makarantu huɗu, kowacce a barikin da aka kai mu. Na koyar da yara saba'in a aji ɗaya, 'ya'yan Tibi da Yarbawa da Barebari, waɗanda ba harshen da ya haɗa su sai wanda na koya musu. Duk na rubuta.

Ya bi takardar da yatsa, ya juya wajen abokinsa da ke cin gyaɗa a gefen tebur.

"Ka ji fa. Barikin Jos, barikin Makurɗi, barikin Inugu. Malama, kin sha zaman bariki!"

Abokin ya ƙyalƙyale. "Ai idonta a buɗe yake, ranka ya daɗe. Kar ka ga tana sunkuyar da kai."

Kowa a ƙasarmu ya san abin da ake nufi idan aka ce mace 'yar bariki ce. Ni da na rubuta kalmar, gidajen sojoji nake nufi, inda na yi shekara bakwai daga ɗakina sai aji, sai famfo. Su ma sun san haka sarai. Abin da har yau yake ci mini rai ke nan: ba kuskuren fahimta suka yi ba, daɗi suka ji.

Na ce, "Na gode," kamar wadda aka yi wa kyauta. Sau uku ina komawa, sau uku ana ce mini ba a duba ba tukuna.

Da hutun makarantu ya kusa ƙarewa na kai wa kawuna kwafin takardar, tsohon hedimasta ne a Unguwar Hajji. Ya karanta har ƙasa, ya cire tabarau.

"'Yar nan, takarda ta yi kyau. Amma kalmar nan sau huɗu ta fito. Cire ta."

"Kawu, in na cire ta, ai aikin na cire."

"Aiki kike so ko a yaba miki gaskiya? Sai kin shiga aji za ki nuna musu."

Na koma gida na ɗauko rula. Don haushi har na ɓata takarda biyu. A inda makarantu huɗu suke, na rubuta layi ɗaya: zaman aure, shekara bakwai. Ba ƙarya ba ce, amma ban taɓa jin na yi ƙarya irin ta ranar ba. Yaran nan saba'in, da na san sunan kowannensu, na share su da hannuna.

Ranar Alhamis na koma. Jami'in nan ne dai. Bai gane ni ba, domin tun farko bai dubi fuskata ba, bai kuma riƙe sunana ba. Ya karanta rabin shafin da ya rage, ya gyaɗa kai.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko akwai amsa?"

"Yawwa, irinku muke nema, masu kamun kai, waɗanda ba su yi yawon duniya ba. Ki fara ranar Litinin. Sai dai tunda ba ki taɓa riƙe aji ba, daga matakin ƙasa za ki soma."