Sallamar da Ta Kusa Raba Malam Bukar da Aikinsa

Akwai ranar da ko tsufa ya cinye mini ƙwaƙwalwa ba zan manta da ita ba, ranar da aka tura ni ƙauye in kamo mai son kai, na dawo na kamo sallama. Ku sababbin ma'aikata da kuke gunaguni don ina tsayawa a kanku ina ta rangaɗa sallama idan kuna gwada shafi, ku gyara zama ku ji asalin abin.

Lokacin ina aiki da wata ƙungiyar manoman rani a Haɗeja, ni ne mai kula da shafinsu na intanet. Muƙamina a takarda dogo ne, amma kowa mai kwamfuta yake ce mini, har fankar ofis idan ta tsaya ni ake kira. Ƙungiyar tana da injin yankan shinkafa guda ɗaya tal, manoman kuwa sun fi gashin kaina yawa, a zamanin da nake da gashin. Dole a bi layi. Kowane yanki yana da wakili da aka ba wa kwamfutar hannu. Manomi zai zo, wakili ya taɓa sunansa, wata 'yar taga ta buɗe a kan shafin da kalanda a ciki, a zaɓi rana, a danna maɓallin da aka rubuta wa "Aika". Kowane gurbi rabin yini ne. Idan ranar ta cika, shafin da kansa yakan tura mutum gurbi na gaba.

A ƙarshen rani abin ya tashi, shinkafa ta nuna, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Wanda ya san fadamarmu ya san ruwa biyu masu kyau sun isa su mai da ita kunu, injin ba zai ƙara shiga ba. Wata safiya shugabar ofis, Hajiya Rabi, ta kira ni. Na tarar da wani manomi a gabanta, Ɗanjuma, daga wani ƙauye a yankin Kirikasamma, hularsa a hannu yana fifita da ita don zafin rai.

Ya ce, "Hajiya, ni gurbi ɗaya aka ba ni, shi ma sai bayan sati uku. Alhaji Maina kuwa injin zai kwana uku a gonarsa. Gonar nan na san ta, akuya mai yunwa za ta gama da ita kafin azahar. Kuma wa ya rubuta? Malam Bukar, mijin 'yarsa!"

Hajiya ta juyo mini da allon kwamfutarta. Gaskiyar Ɗanjuma ce. A yankin da Malam Bukar yake wakilinmu, Bulama, wato mai gari, yana da gurbi biyar, liman huɗu, surukin nasa shida, talakawa kowa ɗaya. Wakilanmu na wajen Kaugama da Miga kuwa layinsu tsaf.

Ta ce, "Sabo, kwamiti zai zauna ranar Alhamis, sun ce a karɓe na'urar daga hannunsa. Kafin a kunyata dattijo, ka tabbatar mini ba kayanka ba ne."

Na ce, "Ranki ya daɗe, kayana ba su san Bulama ba, ba su san liman ba."

Na faɗa da ƙarfi, amma abin ya tsaya mini a rai. Malam Bukar tsohon malamin firamare ne, mutumin da idan ya tsinci allura sai ya yi cigiya a masallaci. Ta yaya zai yi son kai a fili haka? In kuma shafi ne, a ina shafi ya koyi sanin manya?

Na fara da abin da kowa zai fara da shi. Na ce ƙila yatsansa ne yake danna maɓallin sau biyu, sai na sa maɓallin ya riƙa kullewa da zarar an taɓa shi. Washegari wani Alhaji ya sami gurbi huɗu. Na ce to sabis ne, yana yankewa na'urar tana sake turawa. Na duba bayanan da sabarmu, wato babbar kwamfutar da ke karɓar saƙonnin shafin, take ajiyewa, na ga saƙonnin duk sun iso tare, cikin ƙiftawar ido, kamar yara an tashi daga makaranta. Na zauna a ofis na yi rajistar manoman ƙarya har yatsana ya yi kanta, kowane gurbi ɗaya. Na sa wa ɗaya suna Alhaji, na sa wa wani Bulama, don kada a ce ban gwada ba. Gurbi ɗaya.

Ranar Laraba na hau babur na nufi ƙauyen. Na tarar da Malam Bukar a kan tabarma a gindin wata ƙatuwar bishiyar maina, daidai bakin hanyar da ta bi ta kasuwa zuwa masallaci. Ya rame. Bayan mun gaisa ya ce, "Malam Sabo, jiya na shiga sahu, wanda yake gefena ya matsa. Shekarata nawa a garin nan ba a taɓa matsa mini ba. Ka duba abin nan da kyau, in ni ne na yi ka faɗa."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ni ban zo duba komai ba. Ka yi aikinka, ni zan sha fura in zuba ido."

Na farko wani baƙon manomi ne da ya yi hayar gona a fadamar. Ya zo, ya zauna, aka buɗe taga, aka zaɓi rana, aka aika, ya tashi. Na leƙa wayata, gurbi ɗaya. Sai ga ƙanen Bulama ya iso da babbar riga. Malam Bukar ya taɓa sunansa, taga ta buɗe. Kafin ya zaɓi rana wani mai keke ya hango babbar riga, ya taka birki, ya yi sallama. Malam Bukar ya rufe tagar, ya kife na'urar a kan tabarma, ya ba da hannu biyu. Aka tambayi gida, aka tambayi gajiya, aka tambayi ruwa. Mai keke ya wuce, Malam ya ɗauko na'ura ya sake buɗe tagar. Sai ga masunta biyu da koma a kafaɗa. Ya rufe, ya kife. Suna tafiya ya buɗe. Sai ga mai goro.

Na ajiye ƙwaryar fura. Da aka samu aka danna "Aika" na duba wayata. Gurbi huɗu.

Na ce, "Malam, me ya sa kake rufe tagar idan an yi sallama?"

Ya kalle ni kamar na tambaye shi me ya sa yake alwala. Ya ce, "Mutum ya tsaya gaishe ka, idonka yana kan gilashi? Kuma maganar gonar wani ce a buɗe, mai wucewa ya gani?"

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan sana'a ba bayani. Kalandar nan ba mu muka rubuta ta ba. Fulogin ce, wato ƙaramin shiri na JavaScript da wasu suka gama, kai kuma ka ɗauko ka jona a shafinka. Amma ba ta aiki sai an tayar da ita, kuma ba ta tashi sai ta tarar da gurbin da za ta zauna. Tun da tagar ba ta wanzuwa sai an buɗe ta, wanda ya fara gina shafin ya sa umarnin tayarwar a cikin buɗe tagar. Har nan babu laifi. Sai dai a wuri ɗaya ya haɗa da umarnin da yake sauraron maɓallin "Aika". Shi wannan ku ɗauke shi kamar ɗan aike, an zaunar da shi gefen maɓalli an ce da zarar an danna ya ruga da saƙo. Duk buɗe taga sai a ɗauki sabon ɗan aike, ba a sallami na baya ba. Rufe tagar ɓoye ta kawai yake yi. Ka buɗe sau huɗu, 'yan aike huɗu suna zaune, dannawa ɗaya su zabura gaba ɗaya. Shi ya sa kulle maɓallin bai hana komai ba, kafin ya kullu duk sun ji. Bayan an aika kuma shafin yakan sabunta kansa su watse, manomi na gaba ya fara da ɗaya. Mu a ofis ba mai katse mu, wakilan Kaugama da Miga kuwa a cikin shago suke aiki ta bayan kanta. Shi Malam Bukar yana bakin hanya, kuma wanda aka fi tsayawa gaisarwa shi ne babba a gari.

Gyaran bai kai shan shayi ba. Na fitar da ɗan aiken daga cikin buɗe taga, na ɗaura shi sau ɗaya lokacin da shafi ya gama lodi, na sa a riƙa rushe kalandar idan an rufe tagar, sannan sabar ta ƙi karɓar saƙo iri ɗaya sau biyu. Amma ban ɗora gyaran ba tukuna, saboda na san idan na tsaya gaban kwamiti ina zancen fulogin za su ce mai kwamfuta ya zo rufa wa abokinsa asiri.

Ranar Alhamis aka taru a gindin mainar, Hajiya Rabi ta zo da kanta. Na ce a zaunar da Ɗanjuma gaban Malam Bukar. Na roƙi 'yan kwamiti su zagaya bayan bishiya, su riƙa fitowa ɗaya bayan ɗaya suna gaishe shi. Liman ya fito, Bulama ya fito, har Alhaji Maina ya zo ya rusuna ya ce, "Barka da hutawa, Alhaji Ɗanjuma." Malam Bukar yana rufewa yana buɗewa yadda ya saba. Da ya danna, na miƙa wa Hajiya wayata.

Ta ce, "Ɗanjuma, injin zai kwana uku da rabi a gonarka."

Bulama ya fashe da dariya har rawaninsa ya zame. Ɗanjuma ya ce, "To, a bar shi haka mana, ai ni ban yi ƙorafi ba." Da dariya ta lafa ya matsa ya kama hannun Malam Bukar da hannu biyu, ya ce, "Malam, na ci namanka a kasuwa da masallaci. Ka yafe mini." Malam Bukar ya ce ya yafe, amma sai ya je ya faɗa a wuraren da ya faɗi ta farko.

A ranar muka goge guraben da suka ninku, layi ya tsuke, injin ya shiga gonar Ɗanjuma a satin, ruwan farko ya tarar da buhunansa a ɗaki.

Ina ɗaure jaka a babur Malam Bukar ya biyo ni, ya rage murya ya ce, "Malam Sabo, yanzu in daina rufewa idan an yi sallama?"

Na ce, "A'a, Allah gafarta Malam. Ka rufe sau dubu. Shafin ne bai da tarbiyya, kuma an koya masa."

Abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne, mu muna gwada shafi kamar mai amfani da shi ba shi da maƙwabta: ya buɗe, ya cika, ya aika. Mutanenmu kuwa ana katse su, a gaishe su, a kira salla, akuya ta shiga hatsi, su rufe su dawo. Kuma kuskuren da ke cikin layi biyu na rubutun shirin kwamfuta, a kan mutuncin wani yake sauka. Don haka duk wanda ya jona fulogin a ofishin nan, ya tambayi kansa sau nawa take tashi, kuma wa yake sallamar 'yan aikenta. Idan ya ce ya gama, zan zo in tsaya a kansa in yi sallama. Ya rufe tagar, ya amsa mini da kyau, ya tambaye ni iyali, sannan ya sake buɗewa mu gani.