Kanwa bisa pano

Innarmu ba ta taɓa yarda akwai abin da kanwa ba ta gyarawa ba. Wake, kunu, kumburin cikin jaki, duk kanwa.

Shekarar da yayanmu ya tafi aiki Aljeriya, duk Juma'a in an sauko daga masallaci yakan kira ta a salula, irin kiran da ake ganin juna. Bukatar Inna guda ce: ta ga fuskarshi, ta san ko ya rame. Kullum kuma sai ta ce hoton ya yi duhu. Laifin ta ɗora wa panon sola da ke bisa rumfar gidanmu a Korgom, wai wutarshi ba ta da kauri.

Sai ƙanwata mai karatun shimi, ilimin sinadarai, a Yamai ta zo hutu. Ita bakinta ba ya shiru. Ta ce ai masu ƙera pano da gilashin salula sukan barbaɗa wani sinadari a ciki, ɗan mitsitsi, don wuta ta gudu da kyau, haske ya ƙaru.

Inna ta aje muciya. "Ashe lami suka sayar muna da shi."

Na yi faɗa kada ta sa mashi kanwa har muryata ta dishe, a banza. Washegari ta jiƙa kanwa a ƙwarya, ta taka turmi, ta shafe pano tas. Kafin azahar awakin unguwa sun bi ta kan amalanke sun hau rumfa suna lasa.

Abin haushin, ya yi aiki. Kashin tantabaru na wata da watanni awakin suka lashe, pano ya fito fes, batir ya cika tun kafin la'asar. Maƙwabta suka dinga sallama suna tambaya, jar kanwa ce ko fara? Ni da na yi lakwal, ɗan boko guda, na koma abin dariya.

Juma'a ta zo. Na ƙure hasken salula har yana sukar idona. Ga yayanmu nan tar, har tabon goshinshi ina gani. Inna ta kawo salular dab da hancinta, ta karkata ta, ta daɗe.

"Ya yi ƙiba ko?" ta tambaye ni ƙasa-ƙasa.

Sai lokacin na dubi idanunta da kyau. Farar yanar ido ta rufe baƙin duka biyun. Kunya ta kama ni.

"Ya yi ƙiba, Inna."

"To, da sauran duhu kaɗan. Kanwar ce ba ta ji ba."

Na ɗauki ƙwaryar, na taka turmin.