Tagar Bokiti Mai Magana

Na daɗe ina ɗaukar biro ina ajiyewa. Karatuna bai wuce firamare ba, waɗanda zan ambata kuma masu digiri ne. Amma abin ya ƙi barin raina, shi ya sa na rubuta.

Walda ce sana'ata a Sabon Tasha. Yawancin aikina ƙarafan taga ne, waɗanda ake kafawa don ɓarayi, kuma ban taɓa yin wanda hannu zai lanƙwasa ba. A shekarun da sojoji suka koma bariki, duk mai fayil a hammata ya kafa ƙungiya. Wasu manyan cocinmu ma suka kafa tasu, bayan gobarar risho ta cinye wani gida a layinmu. Suka ce za su yi fim ɗin katun da zai koya wa yara abin yi in gobara ta tashi. Shugabar kwamitin tsohuwar hedimistires ce daga Barnawa. Ita ta aiko a kira ni, wai muryata mai kauri ce, ni zan yi muryar jan bokitin da ke yi wa yara bayani a fim ɗin.

Na halarci zama huɗu. Biyu sun tafi a kan ko yarinyar cikin katun za ta sa wando. Ɗaya ya tafi a kan sunan wa zai fara fitowa a ƙarshen fim. A na huɗun mai zanen katun ɗin, wani mai shagon buga katin biki da ya kalli irin wannan fim na Turawa, ya kunna kwamfutarsa. Ga gida da ciyawa shar, ga taga ƙatuwa a buɗe, ko ƙarfe ɗaya babu. Wuta ta tare ƙofa, yara suka dirga ta taga suna murmushi. Aka miƙo mini takardar abin da bokiti zai faɗa: "In wuta ta tare ƙofa, ku nufi taga."

Na ɗaga hannu kamar ɗan aji uku.

"Mama, tagogin nan namu ai duk da ƙarfe."

"Baba mai walda," in ji ta, tana kallona ta saman tabarau, "muryarka muka nema, ba shawararka ba."

"Ni na kafa su, Mama. Har na gidanki."

Mai zanen ya ce, "Oga, in na sa ƙarfe sai ya zama kamar kurkuku. Baƙi za su kalla fa."

Aka yi dariya. Ni ma na yi, wannan ne ya fi damuna har yau. Na shiga ɗakin ɗaukar murya na faɗi maganar sau tara, don takwas ɗin farko wai babu fara'a a cikinsu.

Ranar nunawa aka tara yaran makarantar Lahadi. Fim ya ƙare, shugaba ta ce a gwada. Ta kaɗa ƙararrawa ta ce gobara ce, ta tsaya a bakin ƙofa da jan gyale a matsayin wuta. Yaran nan kaf suka ruga tagogi, suka riƙe ƙarafan da na kafa da hannuna, suna jijjigawa suna rera maganar bokiti. Ko motsi ƙarfen bai yi ba. Shugaba ta juya ga manyan baƙi ta ce, "Kun gani? Saƙo ya shiga." Aka tafa.

Daga nan aka buga faifai aka raba wa makarantu, har Gonin Gora. Ni kuwa tun ranar duk ƙarfen tagar da na yi sai na fitar masa da 'yar ƙofa mai sakata ta ciki. Masu gida sukan gode, sannan su sa mata kwaɗo su jefa makullin inda su ma ba su sani ba. Na taɓa komawa wajen shugaba na roƙa a sake ɗaukar muryar. Ta ce kwamiti ya riga ya miƙa rahoto. Matata ta ce, "Kai kaɗai ka ɗauki bokitin nan da gaske, Baban yara." Wataƙila. Amma yaran sun haddace, kuma da muryata suka haddace.

Ban taɓa jin an ce wani yaro ya mutu a jikin taga saboda fim ɗin ba. Ban kuma ji an ce hakan bai faru ba. Don haka ina roƙon mai karatu: in ka san makarantar da har yanzu take kunna faifan jan bokiti, ko gidan da yaransa suka kalla, ka bar saƙo wajen masu walda na Sabon Tasha, ka ce a ba bokiti. Duk sun san ni da sunan. Zan zo da injin yankan ƙarfe in fitar wa tagar 'yar ƙofa, kuma makullinta a hannun yaran zan bar shi.