Dutse Ya Tsira, Ango Ya Ɓace

'Yan uwa, yau memori ya cinye ni da angona, ya bar dutse.

Kun san hoton da muka ɗauka da Nura a gindin dutsen Kazaure, na kalandar bikinmu. Ni na matsa wa mai hoto ya ja da baya don sama da dutse su fito, kamar bangon littafin soyayya. Yau na kai memorin shagon Malam Sabo a buga. Ya buɗe a kwamfuta. Sama ta fito, dutse ya fito, daga nan zuwa ƙasa toka zalla!

Ya ce, "Amarya, hoton ya lalace. Ina kwafinsa?"

Na kira Nura. Ya ce, "Kwantar da hankalinki, sau uku na ajiye shi."

"A ina?"

"A cikin memorin."

Malam Sabo ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Ya buɗe su, duka ukun dutse ne.

Biki saura kwana shida, Nura kuma yana Maraɗi! Har na gyara zama zan yi kuka, sai na tuna na taɓa tura wa Gwaggo ta Roni. Na kira ta.

Ta ce, "Yana nan, 'yar nan. Ai shi nake nuna wa mutane su ga ramar yaron."

Ta turo, ga mu lafiya lau. Malam Sabo ya zuba a kwamfuta da filas ɗin ajiyar hotuna, ya ce in bar wa Gwaggo nata, don ita ba ta lalacewa.